Wata biyar kafin in san sunan ƙurajen da suka fito mini a wuyan hannu

Abin ya fara ne cikin watan Nuwamba, lokacin da sanyin Jos ya fara tsattsage leɓe da dugadugai. Wata asuba na naɗe hannun riga zan yi alwala, sai na ga ƙananan ƙuraje biyar ko shida a cikin wuyan hannuna na dama, daidai inda igiyar agogo take zama. Ba su da ruwa, ba su da baki, samansu a shafe yake kamar an danna su da bayan cokali, kuma suna ɗan sheƙi idan hasken tocila ya dake su. Launinsu ya fi fatata duhu, baƙi ne mai sirkin shuni. Na ɗauka agogon ne ya ci ni, na cire shi na ajiye. Kafin sati biyu sun bayyana a hannun hagu, sun sauka idon sawu da ƙwauri, sannan ƙaiƙayi ya zo. Ƙaiƙayi ne da yake jiran dare ya raba sannan ya tashe ka, ka zauna bakin gado kana murza hannu da hannu har a kira salla. Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare mai zaman kanta, kullum hannuna yana sama a jikin allo, yara suna kallo. Na koma sa riga mai dogon hannu ina ɓalle maɓalli har wuya. Ina ba da labarin nan dalla-dalla ne saboda watannin da na ɓata da kuɗin da na zubar, da a ce wani ya riga ya faɗa mini hanya, da rabinsu bai tafi ba.

Wurin farko da na je shi ne kemis ɗin bakin layinmu. Mai shagon ya leƙa hannun daga bayan kanta, ya ce makero ne, ya ba ni wani man shafawa irin wanda ake cewa yana maganin abu uku a haɗe. Na biya naira 1,200. Gaskiya kwana huɗu na farko ƙaiƙayin ya lafa, har na yi murna, amma man na ƙarewa abin ya dawo ya fi na da. Na sake saye har sau uku. A watan Janairu mahaifiyata ta zo daga Bukur ta duba ni, ta riƙe hannun ta juya shi, ta ce, “Wannan kirci ne, ko kuma sanyi ne ya yi maka yawa a jini.” Ta aiko da ganyen darbejiya a tafasa in yi wanka, da sabulun salo, da wani gari a kwaɓa da man kaɗanya. Man kaɗanyar ya taimaka wajen bushewar fata, sauran kuwa sai raɗaɗi. A wannan tsakanin ne wani ƙarfe a jikin keke ya karce ni a damtse, siririn karce mai tsawon yatsa, bayan kamar kwana goma ƙurajen suka jeru a kan layin karcen nan reras, kamar an shuka su. Ranar da na ga haka tsoro ya shige ni sosai. Mutanen arziki kuma kowa da abin da yake gani, wani ya ce jifa ne, wani ya yi mini raɗa a ƙofar masallaci cewa in je a duba jinina, kuma na gane abin da yake nufi.

A Fabrairu na je wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwarmu. Kati da ganin likita naira 3,000. Jin cewa ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, sai aka ce ƙazuwa ce, aka rubuta mana magani mu shafe jiki gaba ɗaya, ni da uwargida da yara uku, a wanke zannuwan gado da ruwan zafi a shanya a rana. Mun yi duka. Ban ga laifin mai duba ni ƙwarai ba, domin ƙazuwa ma wuyan hannu take so, amma da an tsaya an tambaya, da an ji cewa wata uku ke nan babu wanda ya kamu a gidan sai ni. Abin da wannan mataki ya jawo mini ya fi kuɗin ciwo. Uwargida ta ware mini bokiti da soso da tawul, ba da ƙyama ba, don kare yara. Ni kuma na daina ɗaukar autarmu, 'yar shekara biyu. Idan na dawo daga makaranta ta taho da gudu tana ɗaga hannu, sai in ja baya in ce ta je wurin mamanta. Tana tsayawa ta kalle ni, ba ta kuka, ta juya. Da na koma bayan sati biyu babu sauƙi, likitan ya yi abin da na gode masa a kai har yau, ya ce wannan aikin likitan fata ne, ya rubuta mini takardar turawa zuwa babban asibiti.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, babban asibiti ba a shigarsa kai tsaye a ce ana neman likitan fata. Na bar gida ƙarfe shida da rabi, na hau keke zuwa Taminus, na sake hawa wata mota, na isa bakwai da 'yan mintuna, na tarar layi ya riga ya miƙe. Da farko ofishin kati, inda za a rubuta sunanka da shekarunka da adireshi da lambar wani na kusa da kai. Daga nan a ba ka 'yar takarda ka tafi wurin biyan kuɗi, wani layin daban, ka dawo da rasit sannan a buɗe maka fayil. Ni naira 2,500 na biya a lokacin, kuma farashi ba ya zama wuri ɗaya, don haka a riƙo abin da ya fi haka. Sai wurin nas, a auna hawan jini da nauyi, sai zaman benci a sashen da ake fara ganin kowa da kowa. An kira ni wajen ƙarfe ɗaya saura. Likitan matashi ne, ya karanta takardar da na zo da ita, ya duba hannu da ƙafa, ya rubuta wata takardar zuwa sashen fata. A can ne na ji cewa likitocin fata ba kullum suke zama ba, kuma ranar da ta fi kusa da ke da gurbi sai bayan sati uku. Wata nas dattijuwa ta ja ni gefe ta ce, “Malam, kafin ranar nan kada ka ƙara shafa komai sai man gyaɗa ko basilin, kuma duk abin da ka taɓa sha ko ka shafa, ka zo da kwalinsa.” Wannan magana ita ce mafi amfanin abin da na samu a yinin nan.

Ranar ta zo cikin Afrilu, an fara yayyafin farko. Na je da leda cike da kwalaye da ragowar garin Hajiya mahaifiyata. Likitar mace ce, ba Bahaushiya ba, amma Hausarta ta Jos ce tsaf, irin wadda kowa a garin nan ya tashi da ita. Ba ta yi gaggawa ba. Ta ɗiga ɗan mai a kan ƙurji ɗaya, ta ɗora wani ƙaramin gilashi mai fitila, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in leƙa da kaina. A saman ƙurjin akwai wasu fararen zare sirara a saƙe, kamar saƙar gizo-gizo. Ta sa na buɗe baki ta haska cikin kumatuna, ta ce ga irinsu nan ma a ɓangaren hagu. Ni da bakina ban san da su ba, iyakaci na lura yaji ya fara yi mini zafi fiye da da. Ta duba faratana da fatar kaina, ta tambaye ni ko akwai wani abu a al'aura, ta ce kada in ji kunya domin ciwon yana zuwa can. Ta zazzage ledar ta duba kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko ina shan maganin hawan jini, ko na sha na zazzaɓin cizon sauro irin su kulorokwin, ko na ciwon jiki, domin wasu daga cikinsu suna fito da ƙuraje masu kama da waɗannan sak. Ta tambaya ko an taɓa ƙara mini jini, ko ina aski da askar wanzami ta kowa da kowa. Sannan ta rubuta kalmomi biyu a takarda ta miƙo mini: lichen planus. Na ce, “Likita, ana ɗauka?” Ta ce, “Ko kaɗan. Ba a ɗauka ta taɓawa, ko ta tawul, ko ta kwanciya. Ka koma gida ka ɗauki 'yarka.” Na sunkuyar da kai na daɗe ban iya magana ba.

Ta ce kusan ta tabbata, amma saboda man da na daɗe ina shafawa ya sauya kamannin wasu ƙurajen, tana so a yanki ɗan fata a kai gwaji, kuma a duba jinina don ciwon hanta, musamman nau'in C, wanda bincike ya nuna yana da alaƙa da wannan ciwo a wasu mutane. Kowane ɗaya da takardarsa da layin biyansa. Gwajin jinin hanta, B da C, naira 6,000, sakamako ya fito bayan kwana biyu, kuma alhamdu lillahi babu komai. Yankar fata ita ce na fi tsoro, sai ta zama mafi sauƙi. An yi mini allurar kashe zafi a hannu, aka ɗauko wani ƙarfe mai baki zagaye kamar bututun biro, aka murza, aka ciro ɗan nama da bai kai ƙwayar wake ba, aka yi ɗinki biyu. Minti goma sha biyar an gama. Abin da ba a faɗa mini tun farko ba shi ne, ni ne zan ɗauki 'yar kwalbar da kaina in kai ɗakin binciken nama, in biya can daban. Yanka da gwajin gaba ɗaya sun ci kusan naira 25,000, kuɗin da ke aljihuna kuma bai kai ba, sai da na kira ƙanena ya turo. Aka ce in dawo cire zare bayan kwana goma, sakamako kuma sati uku.

A cikin satuttukan jiran nan ne sunan ya dame ni, watakila don aikina ke nan, kalma da asalinta. Na yi kuskuren fita daga ofishin likita ban ce ta faɗa mini da baki ba. Mu kuwa idan muka ga c da h a jere, c muke karantawa, kamar yadda ake rubuta Bauchi. Don haka na yi ta cewa “licen filanus”. Na faɗa wa wani abokina ma'aikacin lafiya a waya, ya ce bai san ciwon ba, sai da na tura masa a rubuce ya ce, “Au, laikin!” Yadda likitoci suke furtawa ke nan: lai-kin, da k, sannan kalma ta biyu ple-nas, wadda a bakin Bahaushe take komawa filenas. Dalilin k ɗin shi ne kalmar daga Girkanci ta fito, kuma harafin Girkancin da Turawa suke rubutawa da ch sau da yawa k suke furta shi. A Ingila akwai masu cewa “licin” idan suna maganar tsiron, amma a asibiti laikin za ka ji. Da na saka kalmar ita kaɗai a waya, ban ga fata ba, sai hotunan duwatsu da itatuwa. Ashe asalin ma'anarta wani abu ne mai fitowa a jikin dutse ko ɓawon itace, ya manne ya bazu kamar tabo, dangin abin da muke haɗawa mu kira gansakuka, sai dai shi a bushe yake. Kalma ta biyu kuwa Latinanci ce, ma'anarta shimfiɗaɗɗe, mai shafaffen sama. Wani likitan fata na Ingila, Erasmus Wilson, shi ya raɗa wa ciwon wannan suna a 1869. Fararen zaren da na gani ta gilashi kuma da sunan wani likitan Faransa ake kiransu, Louis Wickham, wanda ya bayyana su a 1895. Har jeruwar ƙuraje a kan karce tana da suna, na wani likitan Jamus, Heinrich Köbner.

Mu mutanen Jos ba ma buƙatar hoto don mu gane wannan kwatance. Bayan makarantarmu akwai manyan duwatsu irin waɗanda suka cika garin, ɗaya bisa ɗaya. Wata rana bayan an tashi na hau na tsuguna gaban wani. Ga su nan a jikinsa, faci-faci, masu ruwan toka da ɗan kore-kore, gefensu ba zagaye ba, a manne, a shafe, wasu sun haɗe sun zama babban faifai. Na sa farce na kankara, suka ƙi fita. Na naɗe riga na ɗora hannuna kusa da su, kamar kuwa da su aka auna. Shekara nawa ina wuce duwatsun nan ban taɓa tsayawa na dube su ba. A nan na fahimci cewa sunan bai faɗi komai game da sanadin ciwon ba, kamanninsa kawai ya kwatanta, kamar yadda mu ma muke raɗa wa abu suna da abin da ya yi kama da shi. Wannan yana da muhimmanci, domin shi tsiron dutsen haɗin gwiwa ne tsakanin naman gwari da wani koren tsiro ƙarami, sai mai karatu ya zaci ciwon ma naman gwari ne irin makero, ya koma neman maganin makero. Babu tsiro ko ƙwayar cuta a cikin ƙurajen nan. Kuma akwai wasu cututtukan fata da sunansu ya fara da kalmar laikin amma daban suke, don haka wanda zai bincika ya rubuta kalmomin biyu tare, kada ya tsorata kansa da hotunan ciwon da ba nasa ba, kamar yadda na yi dare biyu.

Sakamakon bai fito a sati uku ba, sai da na je sau biyu, ya fito a na huɗu, ƙarshen watan Mayu. Wanda zai karɓa ya riƙe rasit da lambar da aka rubuta a jikin kwalba, da ita ake nemo takardar. Ya tabbatar da abin da likita ta faɗa. Wannan karon na roƙe ta ta yi mini bayani a hankali, ta kuwa yi. Ta ce garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar cuta, take juyowa ta far wa ƙasan fatar mutum, kuma har yanzu masana ba su gano takamaimai abin da yake tunzura ta ba a yawancin mutane. Ba daji ba ne, ba kuturta ba ce, ba kuma daga ƙazanta yake zuwa ba. Na fata yakan mutu da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu a mafi yawan mutane, ko da yake yana iya dawowa. Na baki ya fi naci, kuma idan ya zama gyambo yana son a riƙa duba shi lokaci-lokaci, domin a 'yan ƙalilan yana iya rikiɗa ya zama mugun abu, shi ya sa ta haɗa ni da sashen haƙori, ta kuma hana ni taba, wadda da ma ba na sha, ta ce in rage yaji da abu mai tsami. Ta rubuta mini man sitiroyid mai ƙarfi, wato man da ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayin fata, ta nuna mini a kan yatsanta iya adadin da zan shafa, a kan ƙurajen kaɗai, ban da fuska, kuma na 'yan makonni ne, domin idan aka zarce yana sirantar da fata. Ta ce irinsa ne wasu suke saye a kasuwa don bilicin suna lalata jikinsu. Sai ƙwayar ƙaiƙayi ta dare mai sa barci. Magungunan wata guda sun tashi kusan naira 7,000, ɗaya babu shi a kantin asibiti, sai a waje na samu.

Idan na waiwaya, abin da ya fi cutar da ni shi ne wata ukun farko da na yi ina shafe-shafe ba tare da an san me ake magani ba. Ƙurjin da ya wuce sati biyu ko uku yana yaɗuwa, musamman idan babu wanda ya kamu a gida, likitan fata yake buƙata, kuma a nemi takardar turawa da baki, kada a jira sai an bayar. A ɗauki hoton ƙurajen da waya tun suna sababbi, domin likita ta tambaye ni yadda suka fara, sai kwatance na yi ta yi. A je da duk maganin da ake sha, har na gargajiya, ba za a yi wa kowa faɗa ba. A ware yini guda cur, a nemi izini a wurin aiki tun da wuri, a riƙe tsabar kuɗi saboda ranar da na'urar biya za ta ƙi aiki. Kuma kafin a tashi daga kujerar likita, a ce ya rubuta sunan ciwon da manyan baƙaƙe, ya furta shi, a maimaita a gabansa, a tambayi ko ana ɗauka. Matambayi ba ya ɓata. Masu hawan jini kuma kada su ji an ce wasu magunguna suna kawo irin wannan su daina sha da kansu, likita ne zai duba ya sauya idan akwai buƙata.

Ƙaiƙayin ya lafa cikin sati biyu da fara magani, ƙurajen suka kwanta a hankali cikin wata uku. Sun bar baƙaƙen tabo a wuyan hannu da ƙwauri, kuma likita ta riga ta gaya mini cewa a fata irin tamu tabon yakan daɗe, watanni ko fiye, kada in sake in bi shi da man bilicin. Har yanzu suna nan, sun ɗan dushe. Na koma naɗe hannun riga a aji, kuma da wani ɗalibi ya tambaye ni, na rubuta kalmomin biyu a allo na koya musu yadda ake furtawa, na ce su duba duwatsun bayan makaranta idan an tashi. Hajiya kuwa ba ta wahalar da kanta da laikin, “ciwon dutsen nan naka” take cewa idan ta kira ni tana tambayar jiki. Bokitin da aka ware mini ya koma na wanki. Sashen haƙori sun ba ni ranar dawowa bayan wata shida don su sake duba cikin kumatun, na rubuta ta a bayan katin asibiti na saka a aljihun jakar makaranta.